Littafin da Inna Ta Raba da Wuƙa

YAYA: Salamu alaikum. Wa ke magana?

AUTA: Wa alaikumus salam. Yaya, ni ne.

YAYA: Ɗaga murya, ba na ji sosai.

AUTA: Na ce ni ne, Auta.

YAYA: Autan Inna? Tsaya in kashe rediyon nan. Yauwa. Yau kai ne a waya?

AUTA: Ina wuni, Yaya?

YAYA: Lafiya lau. Ina gajiya?

AUTA: Ba gajiya. Ya gida, ya jiki?

YAYA: Alhamdu lillahi. Ya shago?

AUTA: Shago yana nan.

YAYA: Ya maƙwabta?

AUTA: Kowa lafiya. Ya gwiwar?

YAYA: Gwiwa ta zama sarauniya. Ita ke cewa a tashi, ita ke cewa a zauna. Matakalar benen nan goma sha takwas ce. Da can ban taɓa lura ba, yanzu kowacce na san halinta.

AUTA: Allah ya sauwaƙe. Ina 'yata?

YAYA: Tana wurin aiki. Ta fita tun kafin in tashi. In ta dawo ta gaishe ni a tsaye, ta ci abinci a tsaye, ta shige ɗaki. Ban ga laifinta ba, gajiya ce. Ni da rediyo muke wuni.

AUTA: A gaishe ta in ta dawo.

YAYA: Za ta ji. Ka ci abinci?

AUTA: Na sha shayi.

YAYA: Ban tambaye ka abin da ka sha ba.

AUTA: Zan ci anjima.

YAYA: Hmm. Auta, yau nawa ga wata?

AUTA: Sha bakwai.

YAYA: To. Kai kuwa ba ka kira sai ɗaya ga wata, bayan la'asar, minti biyar cif, kamar mai shan magani. Wa ya rasu?

AUTA: Ba wanda ya rasu.

YAYA: Rufin ne ya koma yoyo?

AUTA: Rufi lafiyarsa ƙalau. Wani abu kawai na tuna, na ce bari in tambaye ki. Jan littafin nan.

YAYA: Wane jan littafi?

AUTA: Na mai fito. Wanda Baba ya tsinta a motarsa.

YAYA: Ikon Allah. Wanda fasinja ya manta a ƙarƙashin kujera, ba bango, ba suna?

AUTA: Shi.

YAYA: Baba ya yi wata guda yana yawo da shi a mota ko mai shi zai dawo. Da ya gaji ya kawo gida, Inna ta ɗinka masa bango da ragowar jan zanenta. Me ya tono shi yau?

AUTA: Rabinki nake tambaya. Yana nan?

YAYA: Rabina. Ka ji shi, kamar gona muka raba. Ai kai ka ja aka raba shi.

AUTA: Ke kika fara fizgewa.

YAYA: Kai ka fara cizo. Tabon haƙorinka yana nan a hannuna, har 'yarka na nuna wa.

AUTA: Ni dai abin da na tuna, Inna tana yankan albasa a tsakar gida, muna ta kokawa a gabanta. Sai da ta gama, ta goge wuƙar a gefen zane, ta miƙo hannu.

YAYA: Muka ba ta, muna zaton hukunci za ta yanke.

AUTA: Ai ta yanke. Ta auna kaurinsa da babban yatsa, tunda ba karatu ta iya ba, ta kife shi a kan turmi, ta tsaga shi ta baya gida biyu.

YAYA: Ta ce ni na yi nisa, in ɗauki na baya, kai ka ɗauki na gaba, in mun gama mu yi musanya. In kuma ta sake jin kukan wani, murhu ne zai karanta shi.

AUTA: Har yau rabina yana warin albasa.

YAYA: Bayan shekara arba'in da bakwai? Auta, ji tsoron Allah.

AUTA: To, hancina ne ke tunawa.

YAYA: Musanyar da ba a yi ba ke nan. Kwana huɗu tsakani takardar makarantar jinya ta zo, aka hau haɗa mini akwati. Ban ma san na jefa shi ciki ba sai a mota.

AUTA: Yana nan, ko ya ɓace?

YAYA: Me za ka yi da shi?

AUTA: Karantawa.

YAYA: Shekara arba'in da bakwai ba ka matsu ba, sai yau ranar Talata?

AUTA: Mutum yakan yi marmari.

YAYA: Auta, shekara talatin na yi ina jinya. Na san muryar mai cewa lafiya lau alhali yana riƙe da cikinsa. Faɗa mini.

AUTA: Idon ne ya ɗan...

YAYA: Gado? Wane gado?

AUTA: Ido. Ido na ce. Bari in fita tsakar gida, ɗakin nan ba ya riƙe sabis. Kina ji na yanzu?

YAYA: Ras. Me ya sami idon?

AUTA: Yanar ido ce. Na dama ya rufe tun bara. Na hagun ne nake lallaɓawa da shi, shi ma ya fara hazo.

YAYA: Tun bara. Sau goma sha biyu ke nan ka kira ni ka ce mini lafiya lau.

AUTA: Ban so in ɗaga miki hankali ba, ga gwiwa.

YAYA: Bar gwiwata ta ji da kanta. Da me kake gyaran agogon?

AUTA: Da hannu. Yatsuna sun san hanya. Amma watan jiya wani ɗan noti ya suɓuce daga hantsaki, ya faɗo a kan teburin, a gabana, na ji ƙararsa. Na wuni ina shafa katako ban same shi ba. Da yamma na mayar wa mai agogon kayansa, na ce ya gwada wani wuri.

YAYA: Ka ga likita?

AUTA: Na gani. Ya ce aiki za a yi, ba mai wuya ba. Ya ce yawanci ana dacewa, amma na hagun yana da wata matsala a ciki, ba zai yi mini alkawari ba.

YAYA: Gaskiya ya faɗa maka. Yaushe za a yi?

AUTA: Ba a sa rana ba.

YAYA: Saboda me?

AUTA: Takarda ce ban gama cikewa ba.

YAYA: Kai da ke rubuta wa rabin unguwa wasiƙa? Me ya gagare ka?

AUTA: Layi ɗaya ne, na can ƙasa. Sunan wanda zai kula da kai mako biyu bayan aiki, da lambar wayarsa. Wai za a rufe idon, ba sunkuyawa, ba ɗaukar ruwa, ga magani ana ɗigawa sau huɗu a rana.

YAYA: Na san takardar. Ni ma na sha miƙa wa mutane irinta.

AUTA: Na rubuta babu, da fensir. Yarinyar da ke karɓa ta duba, ta dube ni, ta ce, Baba, ba a rubuta babu a nan, je ka yi tunani. Yau kwana tara ina tunanin.

YAYA: Telan da ke jikin shagonka fa?

AUTA: Ya tashi tun bara, ya koma wurin ɗansa. Masu sayar da waya ne a wurin yanzu. Yaran kirki ne, suna gaishe ni, amma ko sunana ba su sani ba, Baba mai agogo suke cewa.

YAYA: Dangin marigayiya matarka fa?

AUTA: Shekara shida da rasuwarta, Yaya. Tun da ba ɗa a tsakani, zumuncin ya tsaya a gaisuwar hanya. Ba zan je in ce a ba ni aron mutum ba.

YAYA: Ni fa? Ni ba mutum ba ce?

AUTA: Ke da matakala goma sha takwas ta tsare? Tafiyar awa tara a mota?

YAYA: Ba ni zan zo ba, kai za ka zo. Likitanka ya ba ka takarda, a yi aikin a nan, a asibitin da na bari. Rabin masu ɗakin tiyatar ni na koya musu naɗa bandeji. Ga ɗaki a rufe, ba mai kwana ciki sai akwatuna.

AUTA: Ba wannan na kira in tambaya ba. Rabin littafin kawai nake so. Ki ba direba ya kawo mini tasha. In idon zai tafi, ya tafi bayan na ga ƙarshen da kaina.

YAYA: Gidan ne ba za ka iya bari ba.

AUTA: Wani ya kamata ya zauna.

YAYA: Don wa? Baba ya tafi, Inna ta tafi, Yaya Babba ya tafi. Ɗan'uwanka na ƙetare shekara goma sha ɗaya bai tako ba, ya ma sayi kabarinsa a can, da bakinsa ya faɗa mini.

AUTA: Ko da haka. Ranar da wani ya ga dama ya dawo, kada ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ina share ɗakunan duk Asabar. Naki ma.

YAYA: Ɗakina.

AUTA: Ƙusar da kike rataye gyale tana nan. Ga kuma agogunan mutane. Guda goma sha ɗaya ne a durowa, an gyara, masu su ba su dawo ba. Irin na da ne, masu murɗawa. Kullum da safe nake murɗa su ɗaya bayan ɗaya in saita. Akwai na wani malamin makaranta, shekara goma sha tara ke nan. In ya zo ya tarar ya tsaya, me zan ce masa?

YAYA: Auta, malamin nan ko yana da rai ya sayi waya.

AUTA: Mai fito bai taɓa cewa haka ba.

YAYA: Ina ruwan mai fito da agogon malami?

AUTA: Kin manta rabin farko, ko?

YAYA: Sau ɗaya na karanta shi, a guje, ina tsoron kada ka farka ka ƙwace. Na san dai akwai kogi, akwai wa da ƙane.

AUTA: To, bari in tuna miki. Su biyu suka gaji jirgin daga ubansu. Wata safiya wan ya ce, kai ni ƙetare, zan je in ga abin da ke bayan tudun can, ka riƙe jirgin har in dawo. Ƙanen ya kai shi, ya tsaya a cikin jirgi yana kallon bayansa har ya ɓace. Daga ranar, duk wanda ya zo shi yake ƙetarar da shi. Fatake, amare, marasa lafiya, har gawa. Amma bai taɓa sa ƙafarsa a gaɓar can ba. Sai ya dafe jirgin da gora, mutane su sauka, ya juyo.

YAYA: Don me?

AUTA: Yana tsoron in ya hau tudu neman wansa, wan ya ɓullo ta wata hanya ya tarar ba jirgi. Kuma kowane fasinja sai ya tambaye shi, ka ga wani dogo mai tabo a gira? Ba wanda ya gan shi, amma kowa sai ya ba shi labarin abin da ya gani a maimako. Shi ne littafin, labari bayan labari. Kin tuna mai gishirin da hadari ya taso suna tsakiyar ruwa, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe buhu, ya ce shi in ya jiƙe zai bushe?

YAYA: Wannan na tuna. Da matar da ta biya wa kazarta kuɗin kujera.

AUTA: Ta ce ba kaya ba ce, abokiyar hira ce. Sau nawa na karanta wa Inna wannan wurin. Shekarun da ta yi a kwance, in ciwon ya motsa, sai ta ce, Auta, ɗauko mini matar kaza. Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Marigayiya ma ta haddace shi, ina karantawa tana riga ni.

YAYA: Ba su taɓa tambayar ƙarshen ba?

AUTA: Inna takan ce, ai ni na yanke shi, ba ni da bakin tambaya. Ni nake faɗa musu ƙarshen.

YAYA: Wane ƙarshe, kai da ba ka gani ba?

AUTA: Ai a bayyane yake. Shafina na ƙarshe, layin ƙarshe, na haddace shi kamar sunana. Da gari ya waye, mai fito ya sauko bakin kogi kamar kullum, ya sunkuya zai kwance igiya, sai ya ga. Nan wuƙar Inna ta bi.

YAYA: Sai ya ga me?

AUTA: Wansa mana, tsaye a gaɓar can yana ɗaga masa hannu. Ke kika faɗa mini. Wasiƙa uku na rubuta miki ina tambaya, a ta ukun kika amsa. Kika ce, kada ka damu, Auta, sun haɗu, zan kawo maka in an yi hutu. Wasiƙar tana cikin littafin.

YAYA: Sun haɗu, haka na rubuta.

AUTA: To. Shi ya sa duk lokacin da zaman ya yi mini nauyi, sai in ce, mai fito ma ya daɗe. Lokacin da kamfanin agogon nan ya neme ni zuwa babban birni, kin tuna, har kika yi fushi da na ƙi? Daren da zan ba su amsa littafin na buɗe.

YAYA: Auta.

AUTA: Na'am.

YAYA: Kada ka kashe. Zan ajiye wayar a kan gado, ina zuwa.

AUTA: Yaya? Me kike ja haka? Kada ki ɗaga abu mai nauyi. Yaya?

YAYA: Na dawo. Wash. Akwatin ƙarfen nan ya ƙara nauyi, ko ni ce na rage. Ga shi a hannuna. Jan zanen ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, amma ɗinkin Inna ko zare ɗaya bai saki ba.

AUTA: Ashe yana nan.

YAYA: Gida biyar na canza, bai taɓa kwana a bayana ba. Na ma taɓa kawo maka shi, lokacin rasuwar Inna. Na ga ba lokacinsa ba ne, na koma da shi.

AUTA: Na gan shi. Gefensa ya leƙo daga jakarki, a kan tabarma.

YAYA: Ka gani ba ka yi magana ba?

AUTA: Na miƙa hannu, na janye. Ban san me ya sa ba. Wataƙila na fi son yadda na san shi.

YAYA: Ni kuma na ɗauka ka girma ka manta, shi ya sa ban ƙara tayar da maganar ba. Bari in sa tabarau. Za ka ji, ko in rufe?

AUTA: Karanta.

YAYA: Sake faɗin naka, in ɗora.

AUTA: Ya sunkuya zai kwance igiya, sai ya ga.

YAYA: Jirgin zaune a kan yashi. Kogin da ya yi wata uku yana ja da baya ya ƙarasa janyewa, ba abin da ya rage sai wani siririn ruwa da bai kai idon sawu ba. Mutane suna ƙetarewa da ƙafa, da kayansu a ka. Kowa ya zo wucewa sai ya gaishe shi, amma ba wanda ya tsaya. Kana ji na?

AUTA: Ina ji.

YAYA: Ya zauna a gefen jirgin har rana ta take. Sannan ya tashi, ya kwantar da gorarsa a ciki, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya taka yashin. Ya yi mamakin yadda gaɓar can take kusa. Auta? Layin ne, ko kai ne?

AUTA: Ni ne. Ruwan yana ta raguwa a rabina, gaskiya ne. Babi uku ana faɗa. Ban taɓa kawo komai a raina ba, na ɗauka ado ne na mai rubutu.

YAYA: Ba ado ba ne.

AUTA: Wan bai dawo ba ke nan.

YAYA: Bai dawo ba.

AUTA: Amma kin ce sun haɗu.

YAYA: Sun haɗu. Shi ya je. Rabina gaba ɗaya tafiya ce, Auta, daga wannan shafin har ƙarshe ba a sake komawa bakin kogin ba. A motar da ta kai ni makaranta na fara shi, ina kuka ina karantawa. Ban taɓa kwana a wani gari ba, ji nake kamar in ce wa direba ya tsaya in sauka. Sai na ga mai fito ya naɗe wando ya taka, na ce to, ni ma bari in taka. Duk inda aka tura ni aiki bayan nan, in tsoro ya kama ni, shi nake buɗewa. Ni a wurina littafin tafiya ne. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da aka bar maka a hannu ba.

AUTA: Kina da shekara goma sha tara. Me kika sani?

YAYA: Na san in sayi kan sarki in aiko maka. Kalma biyu na rubuta maka don in huta da wasiƙunka.

AUTA: Ba ke kika zaunar da ni ba. Inna tana buƙatar mutum, ko da littafi ko babu.

YAYA: Inna ta yi shekara goma sha huɗu da rasuwa.

AUTA: Haka ne. Kowa ya zo wucewa sai ya gaishe shi, ko? Haka aka rubuta?

YAYA: Haka.

AUTA: Kamar mai littafin ya taɓa zama a ƙofar shagona. To, ci gaba. Da ya hau tudun fa?

YAYA: A'a.

AUTA: A'a me?

YAYA: Na rufe. Ba zan karanta maka a waya ba, kuma ba direban da zan ba.

AUTA: Yaya, kada ki yi mini haka. Kin fizge tun muna yara, yanzu ma?

YAYA: Zo ka cije ni. Shafi ɗari da arba'in ne. Kwana goma sha huɗu za ka yi ido a rufe. Goma-goma ke nan, biyar bayan maganin safe, biyar bayan na yamma. In an buɗe idon ya gani, ka sake karantawa da kanka. In bai gani ba, ina da baki, kuma ba inda za ni. Gwiwa ta tabbatar da wannan.

AUTA: Za ki gaji.

YAYA: Na gaji da rediyo. Shekara uku ke nan ba wanda ya ce mini, sai kuma me ya faru. Kai kana share ɗakin da ba kowa, ni ina gaida mai karanta labarai yana ƙin amsawa. Kana jin kai kaɗai ne ba ka da sunan rubutawa a layin nan? Ni ma in aka ba ni takardar sai na yi tunani, don 'yarka ba za a ba ta hutun mako biyu ba.

AUTA: Ba ki taɓa faɗa ba.

YAYA: A cikin minti biyar ɗinka? Kafin a gama ya gida ya shago ka ce sai wani watan.

AUTA: Gidan fa? Wa zai buɗe?

YAYA: Sa kwaɗo. Rubuta lambarka a takarda ka manna a ƙofa, da manyan baƙaƙe. Duk wanda ya dawo bayan shekara goma sha ɗaya zai iya jiran ƙarar waya.

AUTA: Agogunan za su tsaya. Kwana biyu kawai suke yi ba a murɗa ba.

YAYA: Guda nawa ka ce?

AUTA: Goma sha ɗaya.

YAYA: Ba su cika gwangwanin madara ba. Zuba su ka taho da su. Ka ce yatsunka sun san hanya, sai ka riƙa murɗawa, ni ina duba maka lokaci.

AUTA: Ba a zuba agogo a gwangwani, Yaya. Kowanne sai an naɗe shi a ƙyalle.

YAYA: To naɗe su. Ka ga har ka fara shiri.

AUTA: Ban ce zan zo ba.

YAYA: Ban ce ka ce ba. Takardar tana kusa?

AUTA: Tana aljihuna. Kwana tara tana nan.

YAYA: Akwai abin gogewa a gindin fensirin?

AUTA: Akwai. Tsaya, matar nan ta waya tana magana. Wai saura minti ɗaya.

YAYA: To yi sauri. Goge babun nan.

AUTA: Ba na ganin layin sosai. Bari in juya wajen haske. Na goge. Har takardar ta ɗan huje.

YAYA: Ba komai, sun saba. Rubuta sunana. A gefe za ka ga an ce dangantaka.

AUTA: Na gani. Me zan sa?

YAYA: Sa wadda ka ciza.

AUTA: Na sa yaya. Motar safe har yanzu ƙarfe shida take tashi?

YAYA: Shida da rabi. Zauna a gaba, ka ce wa direba ba ka gani sosai, kada ka ji kunya. Ka taho da rabinka. Ina da allura da zare, amma jan ya ƙare, sai dai baƙi.

AUTA: Akwai ja a gwangwanin ɗinkin Inna, ban taɓa shi ba. Yaya, abu ɗaya kawai, don Allah. Da ya hau tudun, wan nasa yana da rai dai, ko? Ya gane shi da ya...

YAYA: Auta? Auta? Ya katse. To. Sai ka zo ka ji.